Ashe Yashi Ma Yana Ƙarewa?

Tambaya: Ina gini a Sharaɗa da ke Kano, kuma duk bayan 'yan watanni sai mai tifa ya ƙara mini kuɗin yashi, wai yashin ya yi nisa. Ba ruwa ne ke kawo shi duk damina ba? Ta yaya zai yi ƙaranci?

Amsa: Malam, mai tifarka bai yi maka ƙarya ba, ko da yake tsadar man dizal ma tana ciki.

Yashi dutse ne da rana da ruwa suka daɗe suna marmashewa, kogi ya kwaso shi. A da, duk abin da aka ɗiba da rani daga Kogin Challawa da Kogin Kano, damina na mayar da shi. Amma an tare Kogin Kano da madatsar Tiga a 1974, aka tare Challawa da madatsar da ke Ƙaraye a 1992. Da ruwa ya shiga madatsa sai gudunsa ya mutu, yashin ya kwanta a can. Abin da ke isowa Tamburawa da Wudil yanzu, na ƙananan rafuka ne da wanda ruwa ya zaftaro daga gaɓa. Ga gari yana ta faɗaɗa, kowa na buga bulo.

Abin da ya fi damuna ba farashin ba ne. Idan aka rarake cikin kogi, ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin sai ya yi ƙasa, rijiyoyin masu noman rani su ƙafe, gaɓa ta riƙa ruftawa tana cin gonaki, gindin gada ya tonu. Ramukan kuwa su cika da damina, yara su shiga wanka ba su san zurfinsu ba. Mu da muka tashi da kududdufan cikin birni, waɗanda haƙar ƙasar gini ta bari, mun san wannan baƙin cikin.

Tsakuwa tata daban ce. Ƙasar Kano a kan dutse take zaune, ba za mu rasa shi ba; kuɗinta na fasawa ne da dako. Shi ya sa nake ba masu buga bulo shawarar gauraya garin dutse, yana rage cin yashi.

Kuma mai gona ba shi da ikon sayar da abin da ke ƙarƙashinta yadda ya ga dama. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya mallakar ma'adinai, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta lasisi ga mai ɗiban yashi don kasuwanci.

Ka kula da wannan: idan yashi ya yi wuya, sai a fara haɗa shi da ƙasa. Kafin a juye maka, zuba kaɗan a kwalba, cika da ruwa, girgiza, ka ajiye. In laka ta kwanta da kauri a saman yashin, kada birkilanka ya zuba kankare da shi.