Mai ciwon ƙoda zai iya barin tuwo ya koma ga nama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana da ciwon sukari, kuma bara aka tabbatar masa da ciwon ƙoda mataki na uku. Abokinsa ya ba shi shawarar ya bar tuwo da shinkafa baki ɗaya, ya koma ga nama da ƙwai da fiya, tsarin da ake kira keto. Shin babu hatsari? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Rage lemon kwalba, sukari da farin burodi alheri ne a gare shi, amma abin dubawa shi ne abin da zai maye gurbin tuwon a kwanonsa. Duk furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai) da mutum ya ci yana barin dattin da ƙoda ce ke tace shi, kuma ƙodar da ta kai mataki na uku ta riga ta yi rauni. Shi ya sa ƙa'idojin 2024 na KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, suka ce wanda bai fara wankin ƙoda ba ya tsaya wajen giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, kada ya haura 1.3. Idan nauyin Baba kilo 70 ne, kasonsa kusan giram 56 ke nan, alhali ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Wanda ya karya da ƙwai uku, ya ci kaza da rana, ya rufe da tsire da dare, ya zarce wannan kason tun kafin ya ankara, ga kuma gishirin yaji da kilishi da ke tayar da hawan jini.

Fiya, gyaɗa da alayyahu cike suke da sinadarin fotasiyam, wanda kan taru a jinin mai raunin ƙoda har ya rikita bugun zuciya, musamman ga mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan.

Maganin sukarin ma abin tsoro ne. Idan yana allurar insulin ko yana shan glibenclamide, yanke hatsi farat ɗaya na iya faɗar da sukarinsa har ya suma. Idan kuwa dapagliflozin ne, jininsa na iya yin tsami mai hatsari ko da awon sukari bai nuna tashi ba.

Ra'ayina shi ne kada ya bi keto mai tsauri. A rage masa malmalar tuwo, a auna ko da acca ce, domin ita ma hatsi ce. Ku kai shi sashen ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos tare da duk magungunansa, a gwada fotasiyam da aikin ƙodar, sannan masanin abinci ya tsara masa kaso.