Me ya sa adon ruwan yumɓu ke ɓarewa daga jikin faranti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina zuwa ajin ginin tukwane a wata cibiyar jama'a, sau ɗaya a mako. Na je baje kolin wata maginiya, na ga farantai da kofuna na jan yumɓu da aka yi wa ado da farin ruwan yumɓu, sai na ce bari ni ma in gwada. Faranti uku na yi. Na farko adon ya ɓare a baki tun kafin a gasa, na biyu ya tsattsage, na uku kuwa ina zuba masa ruwan sai ya saki jiki ya zauna. Ina kuskuren yake? Kuma in na dace, za a iya cin abinci a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, abin da ya samu farantan nan uku tushensa ɗaya ne. Yumɓu in yana bushewa tsukewa yake yi, sau da yawa kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, tun kafin ya ga wuta. Faranti da ruwan da aka zuba masa dole su bushe tare su tsuke tare. Muddin ɗaya ya riga ɗaya, ko ɗaya ya fi ɗaya tsukewa, to sai sun rabu.

Lokacin zubawa shi ne sa'ad da farantin ya sha iska amma bai bushe ba. Ki ɗora bayan hannunki a kai, za ki ji sanyi. Ki danna farce a gindinsa, zai shiga ya bar shaida kamar a jikin sabulu, amma in kin ɗaga shi da hannu biyu ba zai lanƙwashe ba. Ki duba baki musamman: in ya fara yin haske fiye da tsakiya, lokaci ya soma wucewa. Baki ya fi sirantaka kuma iska na dukansa ta kowane gefe, shi ya sa ɓarewa daga can take farawa, kamar yadda ta yi wa farantinki na farko.

Matsalar ajin mako-mako ke nan: wannan ɗan lokaci yakan zo ya wuce ba kya nan. Leda kaɗai ba ta cika riƙe danshi kwana bakwai a kan shiryayyen da kowa ke buɗewa ba. Ki samo babbar roba mai murfi, ki kwaɓa filasta, wato farin garin POP da ke kamewa ya yi tauri, ki zuba a gindinta kaurin santimita 3, in ta kame ki jiƙa ta har ta daina shan ruwa, ki tsiyaye ragowar. Kayan da aka rufe a ciki sukan yi makonni ba su bushe ba. Sai dai ki shimfiɗa ƙyalle tsakani, don gutsuren filasta in ya shiga jikin yumɓu yakan kumbura bayan gashi ya ɓalle fuskar kaya.

Faranti na uku akasin haka ya same shi. Bai yi tauri ba, ya sha ruwan da kika zuba, ya koma laushi, nauyin bakinsa ya ja shi ƙasa. Zubi ɗaya ake yi: a zuba, a juya farantin ruwan ya zagaye, a tsiyaye nan take, a ajiye shi a kan wani abu da zai tallafi bakin. In za ki rufe ciki da waje, ki yi cikin yau, wajen sai ya sake yin tauri. Hanyar da muka fi ba masu koyo shawara ita ce ta tsoffin maginan Ingila: a murza yumɓu ya yi falle kaurin milimita 7 ko 8, a yi masa adon yana shimfiɗe, a bar shi har adon ya daina manne wa yatsa, sannan a kifa shi a kan mazubin filasta mai tudu a ba shi siffar faranti. Abin da ke kwance a kan allo ba shi da inda zai faɗa.

Na biyu da ya tsattsage kamar gindin kududdufi da rani, ko dai ruwan ya yi kauri da yawa a kansa, ko kuma ya fi farantin tsukewa. Kaurin milimita ɗaya ya isa. Sannan ki tambayi mai kula da ajin, bokitin farin ruwan da kowa ke ɗiba don wane yumɓu aka haɗa shi? A cibiyoyi da yawa iri biyu ko uku ake aiki da su, bokitin kuwa ɗaya.

Ƙa'idar gyara ba ta da wuya. In ruwan yana ɓarewa ɓawo-ɓawo alhali kin zuba a kan lokaci, bai kai farantin tsukewa ba, sai a ƙara masa farin yumɓu mai danƙo, wanda masu sayarwa ke kira bol kile. In tsagewa yake yi, ya fi farantin tsukewa, sai a rage mai danƙon a maye gurbinsa da gasasshen kawolin (farin yumɓu maras danƙo) ko garin silika (sinadarin da ke cikin yashi). Za ki iya farawa da kashi 60 na mai danƙo, 25 na kawolin, 15 na silika. Mafari ne kawai, yumɓunki ne zai yanke hukunci, don haka ki yi 'yan fale-fale biyar na gwaji kafin ki taɓa faranti.

Wajen damawa, garin ake barbaɗawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba. Ki bar shi ya kwana, ki tace a rariya mai lamba 80, sau biyu in da hali. Ki tsoma yatsa: ya rufe fata amma a ga shatar farce. Ranar da ya yi miki daidai, ki auna nauyin mililita 100 a sikeli ki rubuta a murfin bokitin, don gobe ki dawo da shi haka. Launi kuwa da nauyin busasshen gari ake lissafinsa: sinadarin tsatsar ƙarfe kashi 4 zuwa 10 na ba da ruwan ƙasa, sinadarin kobal kashi 1 ya isa shuɗi. Kobal na da ƙarfi, kada ki yi masa hannun kyauta.

Zanen da ya burge ki, da gorar roba mai siririn baki ake yin sa. Ruwan zane ya ɗan fi na shimfiɗa, wato wanda ake rufe fuskar faranti da shi, kauri. Ki bubbuga gorar don iskar da ke ciki ta hau sama, ki fara matsa ta a kan takarda, domin kumfa ɗaya in ta fito a tsakiyar layi sai ta fesa ɗigo ko'ina. Bakin gorar ba ya taɓa farantin, a sama kaɗan yake tafiya, kuma layin da aka ja da sauri ya fi wanda aka yi ta lallaɓawa kyau. In kin ja layuka a jere a kan ɗanyen shimfiɗa, kika ratsa su da tsinin gashin tsuntsu, za su ja juna su yi kamar fiffike. In kuma kin bari ya yi tauri, sai ki karce farin da tsinke jan ya fito. Manyan farantan da magini Thomas Toft ya yi a Staffordshire ta Ingila wajen shekarun 1670 da zubin layi aka ƙawata su, kuma a kan wannan turba magini Michael Cardew ya farfaɗo da maginar Winchcombe a 1926.

Batun cin abinci kuwa, ruwan yumɓu ba ya toshe kaya. Sai an yi gashin farko wajen digiri 1000 na Salshiyos, a rufe da ruwan gilashi mai garai, wato ruwan da ke narkewa a wuta ya zama fuska mai sheƙi kamar gilashi, a sake gasawa, galibi tsakanin 1040 da 1120. Kalar zumar da ke kan tsoffin farantan Ingila daga ruwan gilashi mai dalma da ɗan tsatsar ƙarfe ta samo asali, dalma kuwa guba ce, abu mai tsami na iya janyo ta cikin abinci. Ki nemi ruwan gilashin da aka rubuta ba dalma a ciki. In kalar zumar kike so, tsatsar ƙarfe kashi 2 zuwa 3 za ta ba ki kusa da ita.

Bayan gashi ki shafa tawada a kai ki goge. In siraran layuka kamar saƙar gizo sun bayyana, gilashin ya tsage. Jan yumɓu a wannan zafi yana shan ruwa, don haka ruwan wanki da maiƙo za su riƙa shiga ciki. Irin wannan na ado ne, ba na tebur ba. Ki kuma ɗora yankan lemun tsami ya kwana a kai: in wurin ya dushe ko ya sauya launi, gilashin ba shi da ƙwari. Amma wannan gwaji ba ya wanke kaya daga dalma, sai ɗakin gwaje-gwaje ne ke iya wannan, kuma shi ya kamata ki nema in za ki sayar.

Abu biyu da suka shafi haƙƙin abokan ajinki. Ki rubuta irin yumɓunki a takardar da ke bin kayan zuwa murhu, don jan yumɓu in ya shiga gashin digiri 1250 yakan kumbura ko ya narke ya manne a allon murhu, ya ɓata na maƙwabta. Sannan busasshen ruwan yumɓu da ya ɗiga a ƙasa ba a share shi da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, domin ƙurar silika tana taruwa a huhu.

In kin koma baje kolin, ki nemi izini ki kifa faranti ɗaya. Gindin da ba a rufe ba zai nuna miki ainihin yumɓun, inda farin ya tsaya a baki kuma zai nuna kaurinsa. Ki tambayi maginiyar kwana nawa take bari tsakanin gini da zubi, kuma a digiri nawa take gashi na biyu.