Tsohuwar libarbar soja da aka yi wa gyara: matsayin wanda ya ba da kafin alƙalami

Wani mai karatu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga yankin Talata Mafara, ya aiko da tambaya. Ya ce an yi masa tallar wata tsohuwar ƙaramar bindiga, irin wadda dattawa ke kira libarba, mai sayarwa ya ce ta kakansa ce da ya dawo da ita daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, kuma wani maƙeri ya gyara gidan harsashinta don ta karɓi harsashin da ake samu yanzu. Kuɗin ba su da yawa, har ya ba da kafin alƙalami, amma bai karɓi bindigar ba. Yana so ya san ko tsufanta ya fitar da ita daga ƙarƙashin doka, da kuma ko zai iya neman lasisi bayan ta shigo hannunsa.

Malam, kada ka karɓi wannan bindigar. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku, kuma libarba da fistol suna cikin kashin farko, wato haramtattun bindigogi, a jeri ɗaya da mashinga da gurneti da bindigogin yaƙi. Sashe na 3 ya ce ba wanda zai mallaki irinsu sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar, kuma bayarwar ganin damarsa ce. Kashi na biyu, irin bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, na uku kuwa su ne na ɗuri irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke lura da su. Saboda haka zancen a saya tukuna sannan a nemi takarda bai taso ba, domin laifin yana cika ne a lokacin da bindigar ta shiga hannunka ko ƙarƙashin ikonka, ko da a rumbu ka ɓoye ta ba ka taɓa harba ta ba.

Game da tsufa, dokar ba ta duba shekarun ƙarfe ba. Abin da ta duba shi ne ko makamin yana da bututun da harsashi zai iya fita ta cikinsa ya yi kisa, har ma ta haɗa da sassan bindiga a cikin ma'anar, kuma ta ambaci tsofaffin fistol na ƙyastu a cikin haramtattun. Labarin Bama yana iya zama gaskiya, domin sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can a runduna ta 81 da ta 82 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Turawan Ingila sun yi amfani da libarba ƙirar Webley da Enfield a wancan zamanin. Sai dai gaskiyar labarin ba ta amfane ka da komai ba a gaban alƙali, tun da lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa kamar gona, balle a sayar da shi tare da bindiga.

Gyaran da aka yi mata shi ne abin da ya fi damuna. Doka ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a wuraren da hukuma ta ba izini, don haka aikin maƙerin nan laifi ne mai zaman kansa, kuma shaidarsa tana nan a jikin ƙarfen, wurin da aka goge yana ƙyalli daban da sauran jikin da ya yi tsatsa. Idan kuma an kankare lambar da ke jikinta, mai bincike zai ɗauka an yi hakan ne don ɓoye inda ta fito, kai kuma ba ka da hanyar sanin hannu nawa ta ratsa, ko an taɓa amfani da ita a fashi ko satar mutane. Idan masanin harsashi na 'yan sanda ya danganta ta da wani tsohon laifi, wanda aka same ta a hannunsa shi za a fara tambaya. Akwai kuma haɗarin da bai shafi kotu ba: an ƙera Webley mai lamba .455 ne don harsashi mai sauƙin ƙarfi, kuma waɗanda aka sauya wa gidan harsashi don su ɗauki wanda ya fi ƙarfinsu an san suna iya tarwatsewa a hannun mai harbi. A nan ne arha ba ta ado.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Sashe na 27 na Dokar Bindigogi ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya saɓa sashe na 3, sannan Dokar Fashi da Makami ta 1984, a sashenta na 3, ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Kada ƙanƙantar tarar ta ruɗe ka, zaɓin na alƙali ne, kuma a jihar da ke fama da 'yan bindiga, wanda aka kama da libarba a shingen jami'an tsaro zai sha tambayoyi masu yawa kafin a zo kan maganar tara.

Na san abin da ya kai ka, kuma ban raina tsoron wanda gonarsa ke bakin daji ba. Na san kuma za ka tuna cewa a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Wannan sanarwar ba ta canza doka ba, domin Tsarin Mulkin 1999 ya sa sha'anin makamai a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma rundunar 'yan sandan jihar ta fito a lokacin ta ce ba a ɗage dakatar da bayar da lasisi ba. Haƙƙin kare kai yana nan a doka, amma bai halatta mallakar haramtaccen makami ba.

Maganar kuɗinka kuwa, kotu ba ta tilasta cika cinikin da asalinsa haramtacce ne, kuma shigar da ƙara tamkar kai kanka ne da shaidar cewa ka yi niyyar saye. Ka gaya wa mutumin ka fasa, a gaban dattijo ɗaya da kuke jin nauyinsa, ka nemi kuɗinka cikin lalama. In ya mayar, alhamdu lillahi, in ya ƙi, ka yafe su, kuma kada ka yarda ya kawo maka ita gida a matsayin jingina ko ajiya.

Idan kuwa kafin amsar nan ta iso gare ka ka riga ka karɓa, kada ka sayar wa wani, kada ka jefa a rijiya, kada kuma ka sa ta a aljihu ka hau babur zuwa caji ofis. Ka sami lauya ya rubuta wa DPO ko ofishin Kwamishina a Gusau cewa kana son miƙa ta, a tsara yadda jami'ai za su karɓa, a ba ka takardar shaida mai kwanan wata. Miƙawa da kanka ba ta share laifin kai tsaye, amma tana da nauyi wajen yanke shawarar gurfanarwa da kuma sassauci. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, kuma idan ba ka da halin ɗauka, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana da ofishi a jihar.

Don tsaron gida da gona, ka bi ta wurin mai unguwa da hakimi a kai ƙorafin yankinku a rubuce ga 'yan sanda da Askarawan Zamfara, waɗanda gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a Janairun 2024. Idan aka buɗe bayar da lasisi, abin da za ka iya nema shi ne na bindigar farauta, a kan sunanka, sannan ka saya daga dillalin da ke da rajista, wanda zai nemi ganin lasisin kafin ya miƙa maka komai.