Ɗakin Karatu Babu Wuta, Yara Kuma Ga Waya a Hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Zariya. A farkon zangon nan hedimasta ya damƙa mini ɗakin karatunmu, wanda a da sito ne, aka share aka jera littattafai a kanta biyu. Ya ce in cusa wa yara son karatu, kuma in koya musu yadda ake mu'amala da intanet cikin hankali da ladabi, domin iyaye sun fara ƙorafi a kan abin da yaran suke kallo da turawa. Ba mu da wuta, ba mu da kwamfuta, kuma minti 35 kowane aji yake samu a mako. Anya ba taura biyu aka ba ni in tauna ba?

Daga wata malama, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki ikon sauke wannan nauyi. A ganina taurar ɗaya ce, domin yaron da ya saba zama da littafi yana tambayar wanda ya rubuta shi, shi ne gobe zai tsaya ya yi tunani kafin ya tura saƙon da ya shigo waya.

Ki fara da karatu a bayyane. Ki shimfiɗa tabarma, ki ware minti 15 na farko ki karanta musu labari da muryarki, kina sauya murya yadda kaka take yi idan ta zo kan Gizo da Ƙoƙi, sannan ki tsaya daidai inda labarin ya yi daɗi, ki rufe littafin ki ajiye shi a inda kowa yake gani. Kafin mako ya zagayo za ki samu waɗanda za su zo lokacin tara suna roƙon a ba su su ƙarasa da kansu. Ga ƙananan azuzuwa ki fifita littattafan Hausa, domin yaro ba ya jin daɗin labarin da yake fama da kalmominsa. 'Yan aji biyar da shida kuwa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, har yau yana riƙe hankalin yaro. Idan littattafan sun yi kaɗan, shafin African Storybook yana da gajerun labarai masu hotuna da Hausa kyauta, kina iya saukewa a wayarki a buga miki a shagon buga takardu.

Abu ɗaya nake roƙon ki: ki bar su su ari littafi su tafi da shi gida, ki riƙa rubuta suna a rajista. Wasu za su dawo da shi da tabon manja, wani ma zai ɓata. Na sha ganin makarantun da aka kulle littattafai cikin kwali a ofis don gudun kada yara su yaga, gara ta cinye su sabbi fil.

Daga nan sai ki ɗora darasin intanet a kan littafin da ke hannunsu. Ki sa su duba bango su amsa tambaya uku: wa ya rubuta, wa ya buga, kuma a wace shekara? Idan sun saba, ki rubuta wani saƙo a allo irin wanda ake yaɗawa, ki ce su yi masa tambayoyin nan. Misali mafi kusa da mu shi ne na watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka kwana ana buga waya ana tura saƙo cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri kuma ya sha. Mutane da dama sun kwanta a asibiti, har aka rasa rayuka, alhali babu wanda ya san likitan da ya faɗa. Yawancin ɗalibanki ba a haife su ba a lokacin, don haka ki ba su aikin gida su tambayi iyayensu abin da ya faru a daren, su zo su ba aji labari. Wannan hanya ta bincike ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurci a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma yawancin yaran suna jin ta a Islamiyya. Ki nuna musu a wayarki alamar kibiya biyu da WhatsApp yake sa wa saƙon da aka tura sau da yawa, ki bayyana musu cewa yawan yawon saƙo ba ya mayar da shi gaskiya.

Akwai kuma batun amana, wanda a ganina ya fi gaggawa. Facebook da TikTok sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, ke nan kusan duk ɗalibanki da wayar uwa ko ta yaya suke shiga. Ki koya musu cewa idan wani ya kira wayar Inna ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo yanzu, a kashe wayar a sanar da babba, ko da ya ce daga banki yake, domin da haka ake kwashe kuɗin mutane ana sace musu WhatsApp. Haka nan kada su ba baƙo sunan makarantarsu ko kwatancen gidansu, kuma kada su ɗauki hoton wani su tura ba da izininsa ba. Ke ma ki kiyaye wannan: dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, saboda haka kada hoton ɗalibi ya hau shafin makaranta sai an tambaya.

Game da zagi da cin mutunci, ki rubuta wata jimla a takarda ki ba yaro ɗaya, ki ce kowa ya kwafa ya miƙa wa mutum biyu, bayan minti uku kuma ki ce kina son a dawo miki da maganarki. Za su yi dariya, amma za su gane abin da ake nufi da magana zarar bunu ce.

A taron iyaye da malamai na gaba ki nemi minti goma, ki sa yaran da kansu su yi wasan kwaikwayo na mai kiran waya yana neman lambobi. Idan kuma za ki nemi tallafin littattafai daga kwamitin kula da makaranta, ki tafi da rajistar aro a hannu, ki nemi a haɗa gudummawar kafin 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya.