Maganin farfaɗiya don zogin fuska?

Ɗan'uwa, ka ce likita a nan Gombe ya rubuta wa Mama carbamazepine saboda zogin fuska, alhali ka san shi da maganin farfaɗiya. Kwantar da hankalinka. Ƙwayoyin jijiya suna da ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke kutsawa ta ciki kafin saƙo ya wuce. In suka yi ta buɗewa babu ƙaƙƙautawa a ƙwaƙwalwa, farfaɗiya kan taso. A jijiyar fuska kuwa, zogi ne kamar jan lantarki. Maganin yana lafar da waɗannan ƙofofin.

Amma in ƙuraje suka feso mata, ko zazzaɓi, bayan ta fara shan maganin, ku koma asibiti a ranar. Allah ya ba ta lafiya.