Amsa ga mai tambaya kan kallon tsuntsaye a dam ɗin Kubanni da Matsirga

Ɗan'uwa, ka ce ka je dam ɗin Kubanni a Samaru ta Zariya bayan azahar, ba ka ga komai ba sai balbela, madubin hangen nesanka kuma yana sa ka ciwon kai, sannan kana shirin zuwa Matsirga. Wallahi na san wannan takaicin.

Lokacin ne ya fara cutarka. Da rana tsaka tsuntsu inuwa yake nema. Ka isa bakin ruwa da ƙarfe 6:30 na safe, zuwa 9 an gama. Ka zauna ta gabas, rana a bayanka, in ba haka ba duk abin da ya gifta baƙi za ka gan shi. Kada ka sa farar riga. Ka nemi gindin bishiya ka yi shiru minti 20, zalɓe da kirinjijiya da kansu za su dawo. Zakaran kekuwa ne matsala, da ya hango ka zai tona ka da ihu, sai haƙuri.

Ciwon kan nan kuwa laifin madubin ne, kuma abin yana min zafi. Masu sayar da na jabu suna manna manyan lambobi a jiki, wai yana ganin nesa sosai, alhali gilasan ciki ba su daidaita ba. Ido ɗaya na kallon nan, ɗaya na kallon can, kai kuma kana ta fama ka haɗa su. Ka koma musu, su ce idonka ne. Mutum ya tara kuɗinsa a yi masa haka! Nemi 8x42: yana matso da abu sau 8, faɗin gilashin milimita 42, ba ya rawa a hannu. Kafin ka biya, kalli wayar lantarki da shi daga nesa. In ka ga ta rabu biyu, ajiye musu kayansu. Da hunturu kuma kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar na kankare shi. Hure ta tukuna.

Matsirga da ke kusa da Kafanchan wurin shan iska ne mai kyau, amma ƙarar ruwan tana danne kukan tsuntsu. Matsa can ƙasa inda ruwan ya lafa. Feshin yana shiga madubi ya yi hazo, ka sa shi a leda. Duwatsun akwai gansakuka, santsi ne da su, kada ka je da silifa, kada ka je kai kaɗai, ka tambayi halin hanya.

Baƙin tsuntsayen Turai daga Oktoba zuwa Maris suke nan, shamuwa kuwa sai gab da damina. Don Allah kada ka bar yara su shiga ruwan dam, akwai tsargiya. Ka kuma gaisa da masu gadi ka faɗa musu abin da ya kawo ka kafin ka fito da madubi.