Amsar Gwaggo kan bikin Qixi

'Yata, na ga saƙonki. Kina tambaya ko wannan Qixi da ƙawayenki na jami'a suka gayyace ki shi ne ranar masoya ta 'yan Sin, kuma ko ya dace ki je. Masu shaguna ne suka mayar da shi haka don furanni da cakulan su shige. Asalinsa bikin 'yan mata ne, na allura da zare.

Ga labarin da ke bayansa. Wai Zhinu, masaƙiya ce a sama, ita ke saƙa gajimare. Ta sauko duniya ta auri Niulang, wani maraya makiyayi da bai mallaki komai ba sai tsohon bijimi guda. Suka haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Da Sarauniyar sama ta ji, sai ta sa aka ɗauke Zhinu da ƙarfi. Mijin ya zuba yaran a kwanduna biyu, ya rataya a sanda kamar ɗan ga-ruwa, ya bi ta. Ya kusa cim mata sai Sarauniya ta zare tsinken gashinta ta ja layi, kogi ya ɓalle tsakaninsu. Kogin nan shi ne farin layin taurarin da ke ratsa sama. Zhinu ce tauraruwar Vega, Niulang kuma Altair, ƙananan taurari biyun da ke gefensa su ne yaran. Sau ɗaya a shekara, ranar 7 ga wata na 7 na kalandarsu, wanda yawanci kan faɗo a Agusta, wasu tsuntsaye dangin hankaka kan jeru su zama gada don ma'auratan su haɗu. In an yi ruwa daren nan, sai tsofaffi su ce hawayensu ne.

To abin da 'yan mata ke roƙo a daren ba miji ba ne kawai, gwanintar hannu ce irin ta Zhinu. Sukan yi gasar zura zare a allurai bakwai da hasken wata. Wasu su kulle gizo-gizo a ƙaramin akwati, in gari ya waye an ga saƙarsa ta yi kauri, an ce yarinyar za ta iya ɗinki. Ni wannan ya fi burge ni, don lokacin da nake zuwa Guangzhou sarin kaya na ga matan ƙauyen Zhucun sun baje ƙananan abubuwan da suka haɗa da hannu, har da furanni na ƙwayar shinkafa. A 2006 gwamnatinsu ta sa bikin cikin al'adun gado na ƙasa.

Ki je ki kashe kwarkwatar ido, ba laifi. Amma in suka kunna turare suna rusuna wa tauraruwa, ki ja gefe cikin mutunci, ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba. Za su miƙo miki wani soyayyen fulawa mai zaƙi, qiaoguo. Kafin ki kai baki, ki tambayi man da aka yi shi da shi, don wasu gidajen da kitsen alade suke amfani.

Babanki na gaishe ki, ya ce ki kira shi ranar Juma'a.